Kurkunun Bayan Majema

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya tsayar da maigidana bisa ƙafafunsa biyu bayan mutane sun fara yi mana jaje. Sunana Kulu. 'Yar Danwarai ce ni, ta ƙasar Aliero, amma Jega ce ta san kaifin bakina. Ina ba da wanga labari ne domin duk wanda zai tare a bayan majema, ko wata unguwa da ke shan ruwan kududdufi, ya ji da kunnensa tun ƙafarsa ba ta gaya masa ba.

Zuwan Nasara bai daɗe ba munka baro gida. Lokacin an kafa kanti mai rufin kwano kusa da kasuwa, Turawa na sayen fatar jar akuya ba ji ba gani. Maigidana, wanda abokansa ke kira Nomau, ya ce ya gaji da durƙuso a gaban albasa. Ya sami wuri wajen Malam Arzika, babban majemi. Aikinsa tattaka fata. Yakan shiga rami har gwiwa, cikin ruwan bagaruwa, ya yi ta taka fatu tun safe har su yi laushi. Wanda ba shi da ƙafa biyu masu ƙarfi ba shi da aiki a wannan rami, mu kuwa ba gona muke da ita a Jega ba. Ƙafarsa muke ci, ƙafarsa muke sha.

Ni dai na so garin tun ranar da na shigo shi. Raƙuman gishiri, jakunan goro, jirage a bakin gulbi, marina ga su nan jere, ƙarar mabuga na tashi tun rana ba ta fito sosai ba. Na riƙa waige-waige har na yi tuntuɓe da tulun wata, ta zage ni, na yi mata dariya. Unguwarmu gidajen ma'aikatan jima ne, katanga jikin katanga, in kin yi atishawa maƙwabciya ta amsa miki. Wari kuwa kada ki tambaya. Amma wata bai zagayo ba na daina jinsa, har in baƙi sun zo daga ƙauye suna toshe hanci haushinsu nake ji.

Abu ɗaya ne hancina ya saba da shi harshena ya ƙi. Rijiyar unguwa ɗanɗanon toka da bagaruwa gare ta, saboda ruwan wankin fatu na tsiyaya ƙasa. Don haka kowa a unguwar, babba da yaro, daga kududdufin bayan gida yake sha, inda anka haƙi ƙasar gini damina ta cika shi. Ruwan sanyi, garɗi, har mukan yi wa mutanen cikin gari gori da shi.

Daminarmu ta biyu ciwon ya zo. Maigida ya dawo da azahar yana susa, jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, zazzaɓi ya rufe shi, ko fura ya sha sai ta dawo. Na ce shawara ce, na jiƙa masa tsamiya. Kafin mako ya ƙare wani bororo ya taso masa bisa idon sawun dama. Mutumin da ƙaya ke shiga tafin ƙafarsa bai sani ba, sai ga shi yana cizon hannun riga, yana cewa an ɗora masa garwashi.

Maƙwabciyarmu Gwaggo Tumba, tsohuwar da muke kaɗi tare, ta leƙo ta katanga, ta dubi ƙafar sau ɗaya.

"Kurkunu na," ta ce. "Sannu Nomau. Ka zama ɗan unguwa."

A unguwarmu akwai abin da ake yi wa mai kurkunu, kuma kowa na ganin taimako ne. A ɗauke shi a kai shi bakin kududdufi ya tsoma ƙafa, domin ruwan sanyi na kashe raɗaɗin nan take. Haka abokansa sunka tallabe shi. Na bi su da tabarma, na tarar da maza jere a gefen ruwa, kowa ƙafa a ciki, ana ta hira da cin goro kamar an zo suna. Mu mata muna ɗibar na sha a ɗaya gefen. Yana tsoma ƙafar ya sauke ajiyar zuciya, bororon ya fashe, wani abu fari kamar madara ya bazu cikin ruwan. Da ya ɗago sai ga ɗan kan abin, fari, siriri, ya leƙo daga ramin ciwon.

A nan na fara lura da Bawa. Da can shi ne gwanin ramin Malam Arzika. Kurkunu ya fito masa a gindin gwiwa, ya ƙosa, ya fizge shi, abin ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, da ta warke sai ta sanƙare. Yanzu daga zaune yake kankare gashin fatu, in zai tashi sai ya ja ta kamar itace. Na dube shi, na dubi maigidana. In tamu ta zama haka, sai mu koma Danwarai bisa jakin aro, mu zauna gidan wansa muna jiran a sammana.

Da munka koma gida na fashe wa Gwaggo Tumba da kuka. Ba ta rarrashe ni ba.

"Share hawaye, ke ɗiyar nan. Ke da ke kaɗi, mi za ya gagare ki? Zare na. Sai dai wanga zare, rai garai."

Ta sa na feƙe sillen kara siriri. Ta zuba wa ciwon ruwan sanyi daga buta, munka jira, kan abin ya ƙara fitowa. Ta ɗaure shi jikin sillen, ta miƙa mini.

"Murza a hankali. In kin ji ya taho, bi shi. In kin ji ya ƙi, tsaya. Ko da tsawon farce kika samu yau, ki gode Allah ki ɗaure. Wanda duk yaj ja, ya kashe ƙafa."

Na murza. Wallahi yatsuna sun gane shi kafin hankalina. Daidai yadda auduga ke gaya miki za ta tsinke tun ba ta tsinke ba, haka shi ma. Na ji ya saki, na bi, na ji ya ƙanƙame, na tsaya. Rannan na samu kamar gaɓar yatsa. Na shafa man kaɗe a gefen ciwon, na ɗaure sillen da tsumma, na tashi cike da murna. Har na manta ban ɗora tuwo ba.

Mako na biyu 'yan dubiya sunka fara zuwa, kowa da maganinsa a baki. Wannan ta ce kashin shanu mai ɗumi, waccan ta ce jar kanwa, wani ya ce kada ya ci nama, wani ya ce nama kaɗai zai ci. Na karɓi rubutun sha da hannu biyu, sauran na ce to, na bar su a bakin ƙofa. Amma in faɗi gaskiya, ba don matan unguwar nan ba da mun kwana da yunwa. Kwano na ƙetaro katanga ta gabas, wani na ƙetaro ta yamma. Kajina dai ɗaya bayan ɗaya sunka tafi kasuwa, babu wadda ta dawo.

Sai ga kawun maigida daga Kimba, da wanzami a bayansa. Ko zama bai gama yi ba ya ce a hura wuta.

"Sakiya za a yi mai. A gasa ƙarhe a soke wurin, ruwan ya hita, a huta. Mu haka munka gada. Ba a bar namiji kwance mace na wasa da kara bisa ƙafatai ba."

Surukina ne, ba ni da bakin amsa masa. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa, zuciyata na tafasa. Ina ganin wanzami ya sa ƙarfe a wuta, sai na je jikin katanga na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Gwaggo, in anka soki wurin da wuta, abin da ke ciki hita yakai ko mutuwa yakai a ciki?"

Tsohuwar ta gane. Ta zagayo da sandarta, ta zauna a gaban Kawu, ta ce da shi ta girme shi, ta kuma ga ƙafafun da sakiya ta gyara da waɗanda ta ɓata, na biyun sun fi yawa. Sunka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe Kawu ya ce ya ba ni zuwa kasuwa ta zagayo sau biyu, in abin bai fita ba zai dawo, kuma ba zai saurari tsohuwar kowa ba. Wanzami ya zare ƙarfensa yana hararata. Duk da haka sai da na ba shi zakarana na ƙarshe, ladan tahowa.

Ana cikin haka mai shela ya bi unguwa yana cewa likitan Nasara ya zo rangadi, ya sauka bariki, mai ciwo ya je. Rabin unguwa sunka ce ba su zuwa, wai yanke ƙafa yake yi. Ni kuwa na ce ko mi ne ne sai idona ya gani. Malam Arzika, Allah ya saka masa, ya ba mu aron jaki. Na ɗaure sillen da kyau, na cika gora da ruwan kududdufi don hanya, munka tafi.

Layin nan ba zan manta da shi ba. Tun hantsi muke tsaye har azahar ta wuce. Makafi, masu gyambo, mata da jarirai, ga yayyafi na sauka. Dogari na tsaye da bulala, in attajiri ya zo da babbar riga sai a buɗe masa hanya. Da munka matso, tafinta ya yamutsa fuska ya ce mutanen majema su ja baya kaɗan. Na ce da shi takalmin da ke ƙafarsa daga raminmu ya fito. Maigida ya taɓa ni ya ce in yi shiru, na yi, amma na riga na faɗa.

Likitan dogo ne, fuskarsa ta yi ja don rana. Ya kwance tsumman da kansa, ya dubi sillen da abin da ke naɗe a jiki, ya yi magana. Tafinta ya ce, wai a ci gaba da haka, babu wani magani da ya fi shi. Na ji haushi, na ce a raina ashe wuni guda munka yi don a gaya mini abin da Gwaggo ta gaya mini kyauta. Likitan ya ba mu wani gari a ƙunshi, in an jefa kaɗan a ruwa sai ya koma kamar zoɓo, a riƙa wanke ciwon. Sannan ya tambayi inda muke shan ruwa. Na ɗaga gorar na ce ga shi ma, babu irinsa a Jega.

Ya karɓa, ya tsiyaya a wata kwalba mai haske, ya ɗaga ta saitin rana, ya yafuto ni. Na matso. Da farko ban ga komai ba. Can sai na ga wasu ƙananan abubuwa farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsalle a ciki. Suna da rai, jama'a. A cikin ruwan da nake gori da shi.

"Ƙumar ruwa ke nan," in ji tafinta, yana juya maganar likita. "Ita ka ɗauke da ƙwan kurkunu. In kun sha, sai ya kwanta cikin jiki shekara guda, sannan ya nemi hanya. Farin abin da ke hita in mai ciwo ya tsoma ƙafa, 'ya'yansa ne. Kowa ya tsoma ƙafa a inda ake sha, ya zuba wa unguwa na baɗi. Ku tace da ƙyalle mai ƙaramin ido, ko ku tafasa."

Shekara guda. Wannan kalma ta zauna mini. Na tuna mazan nan jere a gefen ruwa, na tuna tulunanmu a ɗaya gefen. A hanyar dawowa har jakin nake wucewa don sauri, ƙishirwa na cina, gora a hannuna na kasa kai ta baki.

Ban ko shiga gida ba na zarce bakin kududdufi, na tsaya a kan mazan na zazzage musu abin da na gani. Sunka yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce Kulu ta je bariki ta dawo Baturiya. Wani ya ce kakansa ya sha ruwan tafki har ya yi furfura. Na ce kakan naka da ƙafa nawa ya mutu? Na sayar da zaren da na tara, na yanko ƙyallen akoko a kanti, na ɗaure bakin randa. Ranar farko da na tace, na kira mata na nuna musu abin da ya rage bisa ƙyallen yana motsi. Wasu sunka tofar da yawu sunka tafi neman nasu ƙyalle, wasu sunka ce tsoron Allah ya fi tsoron ƙuma. Maigida kuwa na hana shi kududdufi. A ƙwarya nake jiƙa masa ƙafa a gida, in kai ruwan can bayan gari in zubar a busasshiyar ƙasa.

Sillen ya yi ta kauri. Kullum da safe Gwaggo kan leƙo ta ce, "Nawa yau?" in nuna mata da yatsa. Har na fara yi wa abin kirari ina murzawa. Sai kuma ya tsaya cak. Na zuba ruwa, na jira, na lallaba, ko motsi. Gobe haka, jibi haka. Gefen ciwon ya fara ja, maigida ya daina magana. Kasuwa ɗaya ta riga ta wuce cikin biyun da Kawu ya ba ni. Ana nan kuma Malam Arzika ya aiko cewa fatu sun zo da yawa daga wajen Maiyama, kanti na jira, ba zai iya barin rami ba kowa ba. In Nomau bai tashi kusa ba, dole ya sa wani. Ban ga laifinsa ba, amma ranar ban gaishe da matarsa ba.

Da la'asar na fita ɗebo itace a bayan ɗaki. Ina dawowa na tarar maigida ya kwance tsumman, ya kama sillen da wannan hannu nasa mai kaushi, ya cije leɓe. Abin ya miƙe ya yi siriri, saura ƙiris.

Ban san lokacin da na watsar da itacen ba. Na kai wa hannunsa duka, tas, har maƙwabta sunka ji. Sillen ya faɗi bisa ƙafarsa, abin bai tsinke ba. Ban taɓa ɗaga masa ko murya ba, yau ga shi na doke shi.

"Kulu," ya ce a hankali, "ni kika buga?"

"Kai na buga. In ka so ka sake ni gobe, amma da ƙafa biyu za ka raka ni Danwarai."

Sai munka ji jan ƙafa a zaure. Bawa ne, ya ji hayaniya daga inda yake aiki. Ya yi sallama, ya shigo, ya zauna da ƙyar kusa da maigida. Bai yi wa'azi ba. Ya ɗage wandonsa, ya kama hannun maigidana ya ɗora bisa gwiwar nan tasa da ta ƙi lanƙwasuwa.

"Ni ma hwatu sunka zo rannan," ya ce. "Arzika bai jira ni ba, kuma ga ni."

Maigida ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya juyar da kai, ya miƙo mini ƙafar.

Abin ya saki da kansa bayan kwana kaɗan, kamar mai fushi da ya huce. Ya riƙa tahowa fiye da da. Safiyar ranar kasuwa, wadda Kawu ya ce zai dawo, ina murzawa sai na ji babu nauyi. Na duba, ga wutsiyarsa ta fito, 'yar lanƙwasa gare ta kamar ƙugiya, cikakkiya, ba abin da ya rage a ciki. Na rangaɗa guɗar da ban yi irinta ba ko a bikin ƙanwata. Mata sunka yo ta katanga, ta ƙofa, wasu da muciya a hannu. Munka warware shi bisa tabarma, ya fi tsawon hannuna daga kafaɗa. Gwaggo Tumba ta yi rawa da sandarta. Kawu ya iso da wanzaminsa ya tarar da gida cike, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa sillen a gabansa. Ya duba, ya duba, ya ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin da ƙarfi.

Ramin dai an ba wani, sai da maigida ya yi wata yana ɗaukar fatu a ka kafin wuri ya sake samuwa. Amma da ƙafarsa ya je, da ita ya dawo. Ranar da ya sake shiga ruwan bagaruwa na laɓe a bayan danga ina kallo, ina dariya ni kaɗai. Bawa kuma ya ɗauki tabarmarsa ya koma bakin kududdufi da aikinsa, duk wanda ya zo tsoma ƙafa sai ya kore shi da sanda. Ba kowa ke ji ba har yau. Don haka nake roƙonku, ku tace ruwa, ku jiƙa ƙafa a ƙwarya, kuma kome tsananin ƙosawa kada ku ja.

Kaka ta kusa, wata safiya ina shara na ji jikina na ƙaiƙayi. Kwana kaɗan sai ga bororo bisa ƙafata ta hagu. Na zauna a bakin ɗaki ina kallonsa. Likita ya ce shekara guda, ni kuwa randa ɗaya munka sha da maigida bara. Na buɗe baki zan kira Gwaggo, sai na ga ya fito da wuƙa da kara a hannu. Ya zauna a ƙasa, ya ɗauki ƙafata ya ɗora bisa cinyarsa, ya fara feƙe sille.

"Kai da hannunka kamar kirgi?" na ce. "Za ka tsinka mini shi."

"Na ga yadda akai," ya ce, bai ɗago ba. "In ya taho in bi shi, in ya ƙi in tsaya."

"In kuma ka ja fa?"

Ya ajiye wuƙar, ya miƙo mini bayan hannunsa, daidai inda na buga.

"Ga shi nan kusa da ke."